TEKUN ƘANƘARA DA SHAIDAR TSOFAFFIN SOJA



Mutumin Talata Mafara ko Bakura ko Maradun, iyakar sanyin da ya sani shi ne na hunturu, babban ruwan da ya saba gani kuwa bai wuce na madatsar Bakolori ba. Saboda haka labarin Tekun Aktik, can ƙuryar arewacin duniya, zai zo masa kamar almara. Amma fa ba almara ba ne.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga watan Agusta 1941 zuwa 1945, ayarin jiragen ruwa 78 suka yi zirga-zirga tsakanin Ingila da Aislan da tashoshin Murmansk da Arkanjel na Tarayyar Sobiyat, suna kai mata makamai da abinci. Jiragen Jamus na sama da na ƙarƙashin ruwa kuwa suna dakonsu daga gaɓar Norwe. A watan Yuli 1942, ayarin da ake kira PQ 17 ya yi asarar jirage 24 daga cikin 35.

To, amma alƙaluma ba su faɗin abin da jiki ya ji. Sai daga bakin tsofaffin sojan ruwa aka san cewa feshin teku yakan daskare a kan jirgi, dole a yi ta sarar ƙanƙara da gatari, don kada nauyinta ya kifar da shi. Wanda ya faɗa ruwa, cikin 'yan mintoci sanyi zai kashe shi. Da hunturu rana ba ta fitowa. Da bazara kuwa ba ta faɗuwa, babu dare balle a ɓuya wa abokan gaba. Duk da wannan wahala, sai a 2013 Ingila ta fara ba su lambar girma tasu ta kansu, bayan yawancinsu sun riga sun mutu.

Ƙasar Hausa ma tana da nata waɗanda suka ƙetare teku a yaƙin nan. An ɗebi soja daga lardunan Arewa, har da Lardin Sakkwato, wanda garuruwan nan uku suke cikinsa a wancan zamani. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta isa Indiya ta jirgin ruwa a 1943, ta 82 ta bi bayanta a 1944, suka gwabza da Japan a dazuzzukan Bama. Sunayen barikoki irin su Arakan da Myohaung a Ikko daga can suka samo asali.

Bambancin shi ne, Turawa sun naɗi muryoyin nasu tsofaffin, sun adana. A nan kuwa, galibin abin da 'yan Bama suka gani a zaure aka ba da shi, a zaure ya tsaya. Yau kusan duk sun ƙaura, abin da ya rage yana bakin 'ya'ya da jikoki. Haƙƙi ne a kan masana tarihi su bi gida-gida su rubuta shi tun masu riƙe da shi suna raye.