Rashawa da Gyara a Ƙungiyoyin Ƙwadago: Darasin 1976



Ƙungiyar ƙwadago amana ce. Ma'aikaci ya kan yanki wani abu daga albashinsa ya miƙa, domin a sami mai tsaya masa ranar da aka zalunce shi. Abin da za mu duba a yau shi ne yadda amanar nan ta kan lalace, da kuma wanda ya kamata ya gyara ta.

Kafin 1975 akwai manyan cibiyoyin ƙwadago huɗu a Nijeriya, ga kuma ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi. Kuɗin da membobi ke biya bai taka kara ya karya ba, sai wasu cibiyoyin suka dogara ga taimakon ƙasashen waje, wannan ta jingina da ƙasashen Yamma, waccan da na gurguzu. To, shugaban da ba daga aljihun mabiyansa yake ci ba, ina dalilin da zai ba su lissafi?

A 1976 gwamnatin soja ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Adebiyi. A 1977 aka hana shugabanni 11 riƙe muƙamin ƙungiya, har da Michael Imoudu, jagoran yajin aikin gama-gari na 1945. A 1978 aka narkar da ƙananan ƙungiyoyin suka koma 42, a ƙarƙashin uwa ɗaya, watau NLC, da Hassan Sunmonu a matsayin shugabanta na farko. Aka kuma wajabta cire kuɗin ƙungiya daga albashi tun kafin ya kai hannun ma'aikaci.

Haƙiƙa wannan gyara ya yi amfani, domin ƙungiyoyi sun daina bara. Amma fa ya zo da nasa ciwon. Na farko, kuɗin da ke shigowa ko an yi aiki ko ba a yi ba ya kan sa shugaba ya manta da mai biya. Na biyu, hannun da ya gina shi ne ya san inda zai rusa: gwamnatin Babangida ta rushe shugabancin NLC a 1988, ta Abacha ta maimaita a 1994. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Saboda haka gyaran da zai daɗe daga ƙasa yake tasowa. Ku ma'aikata, ku halarci taron reshenku, ku nemi a karanta lissafin shekara wanda mai binciken kuɗi na waje ya duba, ku dage a kan zaɓe na asiri a kan lokacinsa. Ku ɗalibai, ku soma da ƙungiyarku ta nan makaranta. Wanda bai tambayi ma'ajin ƙungiyar ɗalibai naira ɗari ba, da wuya ya tambayi wani miliyan ɗari gobe.