Tsohuwar Kwamfuta da Sabuwa: Yadda Rubutu Ke Ƙetarewa



Maƙasudin wannan jawabi shi ne mu duba yadda ake kwashe rubutu daga tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka zuwa ta zamani, da darasin da ke cikin hakan. Za mu ɗauki misali guda, wato TRS-80 Model 100, wadda kamfanin Kyocera na Japan ya ƙera, Radio Shack kuma ya fara sayar da ita a Amurka a 1983. Batir huɗu ƙanana ke tafiyar da ita, allonta yana nuna layi 8 masu haruffa 40 kowanne, ƙwaƙwalwarta kuwa ba ta ɗaukar fiye da kimanin haruffa 32,000. 'Yan jarida sun so ta ƙwarai, domin daga inda suke sukan rubuta labari su aika ofis ta wayar tarho.

To, ina matsalar take? Rubutun da ke cikinta yana nan ne muddin akwai wuta. Wani ƙaramin batir na ciki ke riƙe da shi, ran da ya mutu kuwa, rubutun ya tafi ke nan. Sa'an nan kafar da take sadarwa da ita, mai suna RS-232, yawancin kwamfutocin yau sun daina zuwa da irinta.

Maganin abu uku ne. Na farko, a samo ɗan abin haɗi da ke juya kafar USB ta koma RS-232. Na biyu, a samo waya mai giciye, wadda layin aikawa na wannan gefe yake faɗawa kan layin karɓa na wancan, kamar baki da kunne. Na uku, a daidaita saurin injunan biyu, misali bit 9,600 a daƙiƙa, a kuma kunna alamar da mai karɓa zai ce da mai aikawa ya dakata. In sauri ya saɓa, shirme kawai za a gani a allo. In ya dace, sai a buɗe shirin TELCOM a aika fayil, a lissafi kuwa duk abin da ke ƙwaƙwalwar zai ƙetare cikin kusan rabin minti.

Abin lura a nan shi ne, injunan biyu sun fahimci juna ne saboda tsarin haruffa na ASCII, wanda aka fito da shi tun 1963. Rubutu tsantsa yakan wuce lafiya, amma shirin BASIC sai an fara mayar da shi rubutu tsantsa tukuna. Mu Hausawa muna da ƙarin wahala: ASCII ba shi da ɓ, ɗ da ƙ, don haka bari da ɓari duk ɗaya ne a wurinsa. Tsarin Unicode ne ya ba haruffanmu gurbi.

'Yan'uwa, gobe mu ne za mu riƙe takardun ma'aikatu, na filaye da na fansho. Kwamfutar da muke taƙama da ita yau ita ce tsohuwar gobe. Saboda haka kada mu bar muhimmin rubutu a inji guda, mu ajiye kwafinsa a tsari mai sauƙi da kowane inji zai iya karantawa, mu kuma kwashe shi tun tsohon injin yana numfashi. Rigakafi dai ya fi magani.

Allah Ya sa mu dace, amin.