Gurabe Talatin: Gasar Lissafi da Makarantun Ƙasar Zuru

Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan tafi kai tsaye ga maganar da ta kawo ni, wadda wasunku sun sha ji daga bakina har sun gaji.

Yadda makarantun ƙasar Zuru ke shiga gasar lissafi ba daidai ba ne, kuma ba rashin kuɗi ne ya jawo hakan ba. Kowa a nan ya san yadda ake yi. Takarda ta iso cewa za a yi gasa, ranar ta ƙarato. Shugaban makaranta ya kira malamin lissafi, malami ya tsamo yara biyu ko uku da suka fi saurin ɗaga hannu, a keɓe su da tarin tsofaffin tambayoyi su haddace amsoshi. In sun dawo da kofi a ɗauki hoto a rataye a ofis. In sun dawo hannu rabbana a ce ai yaranmu 'yan karkara ne. Sauran 'yan ajin kuwa ba su ma san an yi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu shekara da shekaru ranar tafiyar muke fafe namu, sannan mu ɗora laifi a kan goran.

Tushen kuskuren shi ne ba mu tsaya mun gane mece ce tambayar gasa ba. Gasar lissafi ta duniya, wadda aka fara a Romaniya a 1959 da ƙasashe bakwai, yau ƙasashe fiye da 100 ke zuwa, kowace da ɗalibai shida. Kwana biyu ake yi, kowace rana tambaya uku, a ba yaro awa huɗu da rabi. Ku lissafa: awa ɗaya da rabi ga tambaya guda. Babu na'urar lissafi, babu zaɓen A ko B. Kowace tambaya maki bakwai ne, kuma hujja ake dubawa, amsa tsirara ba ta kai mutum ko'ina. Ta Afirka, da aka fara a Rabat a 1987, salonta ke nan, kuma wannan hanyar ce Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda kusa da Abuja take tace yara dominta. Ba na raina gasar Cowbellpedia. Ta sa iyaye da yawa sun zauna gaban talabijin suna kallon lissafi, abin da mu malamai muka kasa sa su yi. Sai dai abin da ido ke gani a can sauri ne, amsa nawa yaro zai zuba cikin daƙiƙa sittin. Jami'anmu sun ɗauka wannan shi ne gasar lissafi gaba ɗaya, shi ya sa suke neman yaro mai saurin baki. Ni kuwa yaron da nake nema shi ne wanda zai iya zama da tambaya ɗaya tun hantsi har azahar bai tashi ba.

Irin wannan yaron muna da shi, kuma kayan horar da shi suna ƙarƙashin kowace bishiyar da dattawa ke zama. Ina nufin dara. Masu rubutu kan wasannin duniya in sun zo kan dara, sunan Dakarkari suke kamawa, wato Lelna, mutanen wannan ƙasa da muke zaune a kanta. Layi biyar, kowane layi gurbi shida, gurabe 30 ke nan. Kowane ɗan wasa na da 'ya'ya 12, wannan da tsinke, wancan da tsakuwa. Ana ci idan mutum ya jera uku a kwance ko a tsaye, jerin karkace ba ya ci. Ku ba ni ɗan lokaci a nan, domin a kan wannan hujjata ta tsaya.

Tambaya ta farko: wuri nawa ne a kan gurabe 30 ɗin nan za a iya jera uku? Yaro zai fara ƙirgawa da yatsa, ya rikice, ya sake. Ku bar shi. Can zai lura cewa a layin da ke da gurbi shida, jerin uku zai iya farawa daga gurbi na ɗaya zuwa na huɗu kawai, hanya huɗu ke nan, sau layi biyar, 20. A tsaye kuma layi shida ne masu gurbi biyar, kowanne hanya uku, 18. Jimla 38. Sai ka ce masa, to darar da ake haƙawa shida sau bakwai fa? In ya samu 58, ka ce ya rubuta ƙa'idar da za ta yi aiki ga kowace dara, mai layi m da gurbi n. Ranar da ya rubuta m(n − 2) + n(m − 2) da hannunsa, ya shiga aljabara ta ƙofarta, domin ya san abin da harafin ke wakilta. Wanda aka ba shi x a allo ba tare da ya san daga ina ta fito ba, haddarta zai yi ya manta.

Ta biyu gajeriya ce. Ka zuba 'ya'yanka 12 duk yadda ka ga dama. Ka nuna cewa dole a samu layi ɗaya daga cikin biyar ɗin nan na kwance da ke ɗauke da aƙalla 'ya'yanka uku. Babu abin ƙirgawa a nan. Da kowane layi biyu kawai ya ɗauka, da goma za su shiga, saura biyu ba su da wurin zama. Wannan 'yar hujja ita ce masana ke kira ƙa'idar ramin tantabara, kuma tambayoyin gasa manya-manya a kanta suke hawa.

Ta uku, lissafin yiwuwa. A rufe wa mutum ido ya taɓa gurabe uku daban-daban. Mene ne yiwuwar su zama jerin ci? Hanyoyin zaɓen uku daga 30 su ne 30 sau 29 sau 28, wato 24,360, a raba da shida tunda ba ruwanmu da wanda ya fara taɓawa, a samu 4,060. Masu ci 38 ne. Bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Abin da ya fi amsar muhimmanci shi ne yaro ya iya bayanin dalilin rabawa da shida. Ku gwada wannan a ajin ƙarshe na sakandare ku ji shirun da zai biyo baya, alhali sun yi wannan darasi a manhaja, sun kuma rubuta ƙa'idarsa a littafi.

Ta huɗu ita ce wadda na fi so in ba malamai. Murabba'i nawa za a iya fitarwa idan kusurwoyinsa huɗu duk a kan gurabe suke? Kusan kowa zai ƙirga miƙaƙƙu: masu taki ɗaya 20, masu taki biyu 12, masu uku 6, masu huɗu 2, ya ce 40, ya ajiye alli. Amsar 70 ce. An manta da karkatattu. A cikin kowane miƙaƙƙen murabba'i mai taki biyu akwai karkatacce ɗaya da kusurwoyinsa ke kan gefuna, mai taki uku yana da biyu, mai taki huɗu yana da uku. Wato 12 da 12 da 6, ƙarin 30. Kuma ba a gama ba, sai an tabbatar cewa karkataccen nan murabba'i ne na gaskiya, ba kama kawai ya yi ba. Nan yaro zai ga alwatika huɗu a kusurwoyi, duk girmansu ɗaya, kuma daga wannan zane zuwa ƙa'idar Pythagoras taki ɗaya ne. Jometiri ke nan, ba a sayi ko kamfas ba.

Ta biyar ita ce tambayar gasa sosai. Da mutum ɗaya zai yi ta zuba 'ya'ya shi kaɗai, mafi yawa nawa zai zuba ba tare da uku sun jeru ba? Amsa 20, amma faɗar 20 ba ta da maki. Aiki biyu ne. Na farko ka nuna ba za a wuce 20 ba: kowane layi mai gurbi shida ka raba shi uku-uku, kowane kashi ba zai ɗauki fiye da biyu ba, huɗu ke nan a layi, sau biyar 20. Na biyu ka nuna ana iya kaiwa 20 ɗin: a layin farko ka bar gurbi na uku da na shida babu kowa, a na biyu ka bar na biyu da na biyar, a na uku na ɗaya da na huɗu, sannan ka maimaita. Ko a kwance ko a tsaye, duk gurabe uku da ke jere akwai fanko ɗaya a cikinsu. Wanda ya yi rabin farko kawai bai gama ba, wanda ya yi na biyu kawai shi ma bai gama ba. Yaron da ya gane dalilin buƙatar ɓangarorin nan biyu ya gane abin da ake nufi da hujja, kuma wannan ba ya cikin abin da jarrabawar cike gurbi ke aunawa.

Ba dara kaɗai ba ce. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 kan yadda ake gina hatimi mai gidaje mara. Ku ajiye abin da ake yi da hatimi a gefe, ku dubi lissafinsa. A na gida tara, da lambobi 1 zuwa 9, kowane layi 15 yake bayarwa. Me ya sa dole 5 ta zauna a tsakiya? Layuka huɗu ne ke ratsa tsakiya, jimlarsu 60. Sun taɓa kowane gida sau ɗaya, wato 45, sai na tsakiya da suka ƙara taɓawa sau uku. Saura 15, a raba uku, 5. Haka rabon gado. Littafin al-Khwarizmi na Bagadaza, wanda aljabara ta samo sunanta daga gare shi, babban kashinsa na ƙarshe kan wasiyya da gado yake. Mamaci ya bar mata, 'ya'ya mata biyu, uwa da uba: tumuni, sulusi biyu, sudusi da sudusi. A haɗa su a samu 27 bisa 24, rabo ya fi dukiya. Malaman fara'ili sun san auli, a raba dukiyar 27, tumunin matar ya koma tusu'i. Ko Musulmi ne yaro ko Kirista, wannan darasin ɓangarori ne da ya fi na littafinsa daɗi.

Na san abin da za a ce, domin an sha faɗa mini. Wai yaran da ba su iya jadawalin sau ba ina su ina gasa. Tambayata ta biyu ba ta buƙaci fiye da biyu sau biyar ba. Wai manhaja ta yi yawa, ga WAEC ga NECO. Yaron da ya fitar da 4,060 da kansa ba zai faɗi tambayar zaɓe da jere a kowace jarrabawa ba. Wai tsaro. Ba sai na tuna wa kowa a ɗakin nan satar ɗalibai da aka yi a Birnin Yauri da Maga ba, kuma ba na wasa da maganar. Amma in makaranta na buɗewa yau a rufe gobe, aikin da yaro zai iya ɗauka zuwa gida ya yi a ƙasa da tsinke shi ya fi cancanta a ba shi.

Abin da nake nema ba sabo ba ne. A 1894 wani malamin sakandare mai suna Dániel Arany, a garin Győr na ƙasar Hungary, ba ma babban birni ba, ya fara fitar da mujallar tambayoyin lissafi ga 'yan makaranta. Kowane wata a buga tambayoyi, yara su aiko da amsa, a buga mafi kyau da sunan mai ita. Paul Erdős yana cikin yaran da suka taso suna warware tambayoyinta, kuma mujallar tana fita har yau. Mu takarda ɗaya muke buƙata a wata, tambaya biyar, ta zaga makarantun Zuru, Fakai, Sakaba da Danko/Wasagu. Inda mota ba ta zuwa waya na zuwa, malami ya kwafa a allo. Tun 2020 muna da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a garin nan, da malamai masu ilmin lissafi da ƙididdiga. Ina roƙonsu su karɓi aikin tsara tambayoyin da duba amsoshin tare da mu.

A cikin makaranta kuma, darasi ɗaya a mako a keɓe shi ga tambaya guda, ga dukan aji, mata da maza, ba ga 'yan gaban goshi ba. A bar yaro ya fara kawo hujjarsa da Hausa ko da C'lela in ya fi sakewa, sannan a taya shi mayar da ita Turanci. Wasu abokan aikina suna ganin wannan zubar da mutuncin darasi ne. Ni abin da nake gani, in ka tilasta wa yaro ya yi faɗa da harshe da lissafi lokaci guda, ba za ka san wanne ya kayar da shi ba. Wakilan gasa kuma a fitar da su daga amsoshin da suka rubuta a tsawon shekara, ba daga zaɓin malami na mako biyu ba.

Ga jami'an ilmi da ke nan, buƙatata gare ku biyu ce kawai. Ku daina auna malamin lissafi da yawan kofunan da ke ofishin shugabansa. Sannan kuɗin da ake warewa na abinci da riguna ranar gasa, ku rage kashi ɗaya ku sayi takarda da tawada, ku kuma biya kuɗin motar malamai su haɗu a Zuru sau ɗaya a zango su warware tambayoyin da kansu kafin su kai wa yara, domin a cikinmu ma akwai masu tsayawa a 40.