Kafin Mu Zuba Kuɗin Asusu a Dashen Gahawa

An kawo shawarar mu ware wani kaso na asusu mu sayi dashen gahawa, wato kofi. Ba mu ƙi ba, amma a fara duba fili tukuna.

Mu a tsaunin Mambila mun yi dace. Gahawar arabika sanyi take so, digiri 15 zuwa 24, da wadataccen ruwan sama, kuma Gembu tana can bisa tudu, nesa da doron teku. Shi ya sa cibiyar binciken koko ta Ibadan take da reshe a Kusuku domin gahawa da shayi.

To amma fa ba kowace gona ba. Inda ruwa ke kwanciya bayan an ɗauke, saiwar ruɓewa take yi, don haka a manta da fadama. A nemi gangare marar tsanani mai ƙasa mai zurfi, a haƙa rami kamar ƙafa biyu zurfi da faɗi, a cika da ƙasar sama da kashin shanu da ya ruɓe. Tana son inuwa, ba duhu ba: ayaba ko fiya sun isa. Bishiyar turare kuwa, wadda ta cika mana gari, shanye ruwan take yi, a nisance ta. Da rani a rufe gindi da busasshiyar ciyawa, a yi shinge saboda shanu, a share kewaye saboda gobarar daji.

Sai maganar haƙuri. Shekara 3 zuwa 4 ake yi kafin a fara tsinka. Kuɗin da wata za ta nema rance don makarantar yara a bana, kada a taɓa shi. Kafin lokacin, wake a tsakanin layuka zai riƙe mu.

Iyayen gida, ku yi haƙuri da wannan: itacen gahawa yana wuce shekara 20 yana ba da 'ya'ya, kuma yawancin gonakin naku ne ko na dangi. Duk filin da za a ba ƙungiya, a rubuta a gaban mai unguwa da shaidu, kada ranar da 'ya'ya suka nuna ja a ce aro ne.

Wadda ke da fili ta ba sakatariya sunanta yau, kwamiti zai zaga kafin ruwan farko.