Rana da Fatar Ma'aikaci: Darasi Daga Sharaɗa, Challawa da Bompai

(Laccar da aka gabatar a gaban taron ɗalibai da matasan ma'aikata)



Muna godiya da wannan dama da aka ba mu. Mun sani sa'ad da aka bayyana cewa za a yi magana a kan kare fuska daga rana, wasu daga cikinmu sun yi murmushi, suna ganin wannan zance ne na 'yan mata da madubi, ko kuwa na Turawa masu jar fata. To, muna roƙon a ba mu aron kunne. Abin da za mu nuna shi ne, wannan magana ta shafi lafiyar ma'aikaci ne kafin ta shafi kwalliya, kuma misalinta yana nan kusa da mu, a unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Challawa da Bompai, inda da yawa daga cikinmu suke zuwa koyon aiki tun lokacin da aka kafa shirin SIWES a shekarar 1973.

Kano dai gari ne da ya san darajar fata. Tun zamanin ayari fatar jar akuya da majemanmu suka jeme da bagaruwa take ƙetare Sahara, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko domin ta can take isa gare su. A yau ma, duk da cewa masana'antu da yawa sun rufe saboda matsalar wutar lantarki da tsadar kaya, manyan kamfanonin jima na ƙasar nan suna waɗannan unguwanni uku. Wanda ya taɓa shiga ɗaya daga cikinsu ya ga yadda ake lallaɓa fatar dabba. Tsohon majemi ba ya yarda a shanya fata a tsakiyar rana mai ƙuna, domin ya san za ta ƙone ta tsattsage, farashinta ya faɗi. Amma leburan da yake ɗaukar wannan fata a kafaɗa daga mota zuwa sito, tun hantsi har la'asar, babu wanda ya tambayi halin da tasa fatar take ciki.

Bari mu fara da ita ranar kanta. Ban da haske da zafi waɗanda muke gani muke ji, akwai wani ɓoyayyen haske da take fitarwa, wanda masana kimiyya suke taƙaita sunansa da haruffan UV. Iri biyu ne suke isowa gare mu. Na farko, UVB, shi ne yake ƙona saman fata. Na biyu, UVA, yana ratsawa ciki, ya lalata zaren da yake riƙe fata, ya jawo tamoji da baƙin tabo, kuma yana wuce gilashin taga. Hukumar Lafiya ta Duniya tana amfani da wani ma'auni na ƙarfin wannan haske: daga lamba 3 ana bukatar kariya, daga 11 zuwa sama kuwa an kai matuƙa. Kano tana kan daraja 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka rana tana tsayawa daidai tsakar kanmu sau biyu a shekara, wajen ƙarshen watan Afrilu da kuma ƙarshen Agusta, kuma a bazara ma'aunin yakan kai 11 har ya wuce. Kada lumshi ya ruɗe mu. Gajimare mara kauri da hazon hunturu suna rage zafin da muke ji, amma kaso mai yawa na wannan haske yana ratsa su.

Wani zai ce, ai mu baƙaƙe ne, Allah ya riga ya yi mana garkuwa. Akwai gaskiya a nan, kuma bai kamata mu ɓoye ta ba. Launin da ke cikin fatarmu, wanda ake kira melanin, yana tare wani ɓangare na wannan haske. Wani bincike da aka yi a Amurka a 1979 ya kimanta wannan kariya da kusan lamba 13 a ma'aunin da ake rubutawa a jikin man kare rana, alhali ta farar fata ba ta kai 4 ba. Shi ya sa sankarar fata da rana take haddasawa ba ta yi yawa a cikinmu kamar yadda ta yi a Ostareliya ko Turai ba. A wurinmu sau da yawa sankarar fata takan fito ne a tafin ƙafa, ko ƙarƙashin farce, ko a tsohon gyambo da ya ƙi warkewa. Mawaƙin nan Bob Marley, wanda ya rasu a 1981, a yatsan ƙafa tasa ta fara.

To amma garkuwa tana da iyaka, kuma akwai mutane iri huɗu a waɗannan unguwanni da tasu garkuwar ba ta ishe su ba.

Na farko su ne masu wuni a fili: 'yan dako, masu gadi, masu shanya fata, direbobin adaidaita sahu, da matan da suke sayar da abinci a bakin ƙofar kamfani. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙididdigar da ta nuna cewa a 2019 mutum biliyan 1.6 ne suke aiki a cikin rana a faɗin duniya, kuma kusan 19,000 sun mutu a wannan shekara ta dalilin sankarar fata da aikin rana ya jawo musu. A wurin baƙar fata, abin da ya fi bayyana shi ne tabo a goshi da kumatu, da saurin yamushewar fuska, da kuma ciwon ido, domin wannan haske yana cikin abubuwan da suke gaggauta yanar ido. Cikin wannan rukuni sai mu sa masu walda, saboda wutar walda tana fitar da irin wannan haske da ƙarfin gaske. Duk wanda ya ga yaron walda ya kwana idonsa yana zubar da hawaye kamar an watsa masa yashi, ya ga aikinsa.

Na biyu su ne masu aiki da sinadarai. Jimar zamani tana amfani da farar ƙasa mai cin hannu wajen cire gashi, da kuma gishirin kuromiyam. Waɗannan suna jawo ƙaiƙayi da ƙuraje da tsagewar fata. Halin baƙar fata kuwa shi ne, duk inda ta yi ciwo ta warke sai ta bar baƙin tabo, kuma rana tana ƙara wa tabon duhu, ta hana shi gushewa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Na uku, kuma a nan muke so mu daɗe, su ne masu shafa man bilicin. Yawancinsu ba da niyyar zama farare suka fara ba. Yarinya ce take aiki a ɗakin ɗaure kaya, ko take tafiya a ƙasa daga bakin titi zuwa kamfani kowace safiya. Ƙuraje suka fito mata, suka bar tabo, rana ta ƙara baƙanta shi. Ƙawarta ta ce akwai wani haɗi da ake sayarwa a kasuwa. Ta shafa, cikin mako biyu fuska ta yi haske, ta ji daɗi. Abin da ba a gaya mata ba shi ne, irin wannan haɗi yakan ƙunshi haidirokwinon, wanda yake hana fata yin melanin, ko sitiroyid, wanda yake sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, ko zaiba, watau makuri, wanda yake lalata ƙoda. Ma'ana, ta tuɓe garkuwar da aka haife ta da ita, sa'an nan ta koma cikin ranar Kano. Bayan 'yan shekaru sai kumatu su yi wani irin baƙi mai shuɗi-shuɗi wanda yake da wuyar magani. Likitoci a Afirka ta Kudu sun bayyana wannan cuta tun 1975, kuma ƙasar ta hana sa haidirokwinon a kayan kwalliya a 1990. A nan gida, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ruwaito a 2011 cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da man ƙara hasken fata, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Kada maza su ɗauka ba da su ake ba, domin samari ma sun shiga. Da a ce tun farko wannan yarinya ta kare tabonta daga rana, ta yi haƙuri, da yawanci zai dusashe da kansa cikin watanni.

Na huɗu su ne 'yan'uwanmu zabiyoyi. Su fatarsu ba ta da melanin, ko kuwa kaɗan ne ƙwarai, kuma sankarar fata tana cikin manyan abubuwan da suke kashe su da ƙuruciya a Afirka. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 13 ga Yuni ta kowace shekara domin tunawa da halin da suke ciki. Sa zabiya aikin fili a tsakar rana, alhali akwai aikin inuwa da zai iya, ganganci ne da rayuwarsa.

To, mene ne abin yi? Rigakafi ya fi magani, kuma iyayenmu sun riga mu saninsa. Manomi da Bafulatani ba su ƙirƙiro malafa don ado ba. Rawani da amawali, mayafi da laima, da baƙin turkuɗin da marinan ƙasar Kano suke rina wa Buzaye, duk suna tare rana. Saboda haka kariya ta farko ita ce inuwa da sutura: malafa mai faɗi wadda take rufe kunne da wuya, riga mai dogon hannu, da tabarau mai tare hasken UV. Hular kwano da hular hana-sallah suna barin kunne da ƙeya a fili. Lokacin da ya fi haɗari shi ne daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Wanda ba shi da agogo ya dubi inuwarsa: in ta fi shi gajarta, rana tana kan ƙarfinta.

Kariya ta biyu ita ce man kare rana, ga wanda yake da hali. Tsarin ba shi da wuya. Da safe a wanke fuska da sabulu mara ƙarfi, a shafa man da aka saba domin laushi, sa'an nan man kare rana ya zo a ƙarshe, kamar minti 15 kafin a fita. A duba jikin kwalba a ga haruffan SPF. Mai lamba 15 yana tare kusan kashi 93 cikin 100 na UVB, mai lamba 30 kashi 97, mai lamba 50 kashi 98. Mai lamba 30 ya isa ga yawancinmu, muddin an rubuta cewa yana tare UVA ma. Zabiya kuwa ya nemi mai 50. Kuskuren da aka fi yi shi ne shafa ɗan kaɗan. A zuba tsawon yatsu biyu domin fuska da wuya, kada a manta kunnuwa. Mai aiki a fili ya sake shafawa bayan kowace awa biyu, ko bayan gumi mai yawa. Ga mu da muke wanke fuska sau da yawa a yini, abin lura shi ne alwalar azahar tana wanke na safe, kuma a daidai lokacin da rana ta fi ƙarfi, saboda haka a ajiye kwalbar kusa. Da dare a wanke fuska sarai, musamman wanda ya wuni cikin ƙurar masana'anta.

Akwai gargaɗi uku. Man kaɗanya da basilin suna da amfani wajen hana bushewa a lokacin hunturu, amma kariyarsu daga rana ba ta taka kara ta karya ba. Duk man da aka haɗa alkawarin kare rana da alkawarin ƙara fari a guje shi, kuma a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Sa'an nan duk tabon da yake girma, ko yake canja launi, ko miki da ya wuce wata guda bai warke ba, a kai shi wurin likitan fata, kamar waɗanda suke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kada a kai shi wurin mai haɗa mai.

Mun san za a ce, leburan da yake fama da kuɗin garin masara ina ya ga kuɗin man da yawancinsa daga waje ake shigo da shi? Gaskiya ne, kuma shi ya sa nauyin bai tsaya a kansa shi kaɗai ba. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wa mai kamfani samar da ruwan sha, da wurin wanke jiki, da kayan kariya ga masu taɓa abubuwa masu cutarwa, kuma akwai masu duba masana'antu a ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Wasu ƙasashe sun wuce nan. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tana hana aikin fili daga 12:30 zuwa 3:00 na rana tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba saboda zafi, Jamus kuma tun 2015 ta sa wani nau'in sankarar fata ta rana cikin cututtukan aiki da ake biyan diyyarsu. Mu ba mu ce a rufe kamfani da rana ba. Amma rumfa a wurin lodi, da malafa ga mai gadi, da gilashin fuska ga yaron walda, da mayar da sauke kaya zuwa safiya ko yamma, duk ba abubuwa ne masu tsada sosai ba.

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, gobe a cikinmu za a sami manajan ma'aikata, da injiniya, da mai duba masana'antu, da malamar asibiti. Muna roƙon abu biyu. Mu fara da kanmu da ƙannenmu, mu daina yi wa mai malafa ko mai laima kallon baƙauye, mu kuma daina yaba farin da muka san na kwalba ne. Sa'an nan duk wanda aka tura koyon aiki Sharaɗa ko Challawa ko Bompai, ya duba inda mutane suke wuni a rana, ya rubuta abin da ya gani cikin rahotonsa, ya kuma gaya wa shugaban sashensa cikin ladabi. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.