Saƙon tasha daban, saƙon jirgi daban

Jawabin magatakarda a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya, Maraɗi

Shugaba, iyayenmu alhazai da hajiyoyi, da baƙinmu da suka tsallako daga Jibiya da Katsina, sannunku da zuwa.

An ce in faɗi wani abu kan tafiyar jirgi, tunda na yi shekara 4 a Gwangzu ta ƙasar Sin ina yi wa wasunku lodin kwantena kafin in dawo in riƙe littafin ƙungiya. Ni aikina rubuta sunaye da kuɗin wata ne, jawabi ba nawa ba ne, sai ku yi haƙuri da ni.

Ranar da na dawo, da dare muka tashi. Mun fi awa 10 a sama kafin Adis Ababa, a can muka sauya jirgi, sai wasu awa 5 da wani abu zuwa Yamai. Zaman nan wuri ɗaya ya kumbura mini ƙafafu har takalmi ya ƙi shiga, don kunya ta hana ni tada na kusa da ni in ɗan taka. Duk wanda zai je, ya ajiye kunyar nan, ya riƙa tashi, ya sha ruwa. Agogon Sin kuma yana gaban namu da awa 7, shi ya sa na yi mako guda ina farkawa ƙarfe biyun dare ina neman tuwo, har Hajiyarmu ta fara yi mini tofi. Daga Yamai zuwa nan kuwa, kilomita 600 da ɗoriya, mota ta ci kusan lokacin da jirgi ya ci daga Sin zuwa Habasha.

Amma abin da ya tsaya mini a rai tun kafin in hau jirgin ya faru. Ana gobe zan taso, ɗakina ya cika da ƴan uwa, kowa da ƙullinsa: riƙe wa Alhaji wannan, kai wa Inna wancan. Tikitina akwati biyu ya ba ni, kowane kilo 23, saƙon mutane kaɗai ya cinye ɗaya. Cikin ƙullin akwai wani kwali da aka naɗe da salatif ciki da bai. Yaron da ya kawo ya ce kayan mata ne kawai, na wani babban mutum da duk muke girmamawa. Na ce sai mun buɗe. Ransa ya ɓaci, ni ma na ji nauyi, amma na sa wuƙa. Da gaske akwai kayan mata a sama, a ƙasa kuwa baturan cajin waya ne guda 12.

Ba haramtaccen kaya ba ne. Sai dai irin waɗannan batura ba a yarda su shiga akwatin da ake sawa ƙarƙashin jirgi ba, saboda suna iya kamawa da wuta inda babu mai gani. Da na'ura ta gan su, akwatin nan da saƙon mutum tara zai iya kwana can, ni ina sama. To ku yi tunani da a ce ƙwaya ce. A Sin hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi yana kaiwa har kisa, kuma takardar da ake liƙa wa akwati sunanka ke kai, ba na mai saƙo ba. Jami'in da zai tare ka bai san Alhaji ba, bai san zumunci ba.

Babban mutumin nan sai da ya kai ƙarata wurin mahaifina, wai na tozarta shi. Mun shirya daga baya, alhamdu lillahi, kuma ban ga laifinsa sosai ba. Mu a tasha muka tashi. Ka rubuta lambar waya jikin buhu, ka miƙa wa direba, ya bi ta Ɗan Isa, kafin la'asar an karɓa a Katsina, ba rasit ba shaida. Da wannan amana muka gina kasuwancinmu, kuma ba na son ta mutu. Filin jirgi ne dai bai san ta ba.

Ni na haura talatin, duk da haka sai da gabana ya faɗi kafin in ce a buɗe. Ina ga yaro ɗan shekara ashirin da aka tura karon farko? Ba zai iya kallon sa'an ubansa ya faɗi haka ba. Shi ya sa nake roƙon Shugaba da ƴan kwamiti a mayar da abin dokar ƙungiya: duk saƙon da zai hau jirgi, a buɗe shi gaban mai ɗauka, a rubuta abin da ke ciki da sunan mai shi, kuma in kilo ya haura, mai saƙo ne zai biya. Ta haka yaro zai ce, Baba, ba ni ba ne, doka ce, ya tsira da mutuncinsa.

Na riga na ware shafi a bayan littafin kuɗin wata don wannan. In taro ya amince yau, daga Litinin sai mu fara.