Murjani Ma Rai Gare Shi

Shugaban taro, malamanmu masu girma, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai.

Kowannenmu ya san murjanin da kakanninmu mata ke ɗaurawa a wuya. Sai da aiki ya kai ni kwas Legas na gane ashe dabba ce. Jan da muka sani daga Bahar Rum fatake ke ƙetaro Sahara da shi. Danginsa kuwa na tarar ana kiwo a akwatin gilashi a falon mai masaukina.

Wannan iri yana da wani gansakuka mai rayuwa cikin jikinsa, wanda ke samar masa abinci daga haske, kuma shi ke ba shi launi. In ruwa ya ɗara zafin da ya saba da digiri 1 kacal na 'yan makonni, sai ya fitar da gansakukan, ya yi fari fat, yunwa ta kashe shi. Haka ta faru a tekunan duniya a 1998, ta sake faruwa a gaɓar Ostireliya a 2016.

Don haka mai masaukina ruwa yake kiwo, ba murjani ba. Zafi tsakanin digiri 24 da 27, gishirin teku giram 35 a kowace lita. In ruwan ya ragu, ruwa zalla yake ƙarawa, domin gishiri ba ya bin tururi. Duk da wannan ɗawainiya, ran da wuta ta ɗauke kwana biyu janareta ya ƙi tashi, famfo ya tsaya, kiwon shekara uku ya mutu. Na ga dattijo yana share hawaye.

Wani abokinmu ya ce yana son kafa irin akwatin nan a Kaya. Malam, a zafin Afrilu na ƙasarmu? Ka ajiye kuɗinka.

Amma ku da ke kiwon tarwaɗa a kusa da madatsar Bakolori, daga Maradun zuwa Bakura da Talata Mafara, zancen ya shafe ku. Ku duba ruwan kafin ku duba kifin. Kada ku zuba abinci fiye da abin da zai cinye, ragowar ce ke ruɓewa ta ɓata ruwa. In za ku sauya, ku rage kaɗan ku ƙara kaɗan, kuma da sanyin safiya, ba da tsakar rana ba.